Farautar Tsohon Kishimi a Ƙasar da Daji Ya Ƙare

'Yan'uwa manoma, kusan kowane ƙauye mutum ya shiga yanzu, in aka taɓo zancen farauta, magana ɗaya zai ji a bakin dattawa: daji ya ƙare, saboda haka nama ya ƙare. Gaskiya ne daji ya ƙare. Inda dā ake tsoron bi ko da rana tsaka, yau masara ce da dawa iyakar ganin ido. A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su cika miliyan 56 ba, yau kuwa sun wuce miliyan 200, kowa kuma yana neman inda zai kafa garma. Amma rabin maganar na biyu ban yarda da shi ba. Ba ƙarewar daji kaɗai ta ƙarar da nama ba. Akwai ƙasar da ba ta da dajin kirki, gonaki ne kawai, duk da haka manomanta suna harbin manyan kishimai kowace shekara, naman kuwa yana nan. Ina so mu duba yadda suke yi, gama a ganina aikin ƙungiya ne, irin wanda mu ma muka saba.

Ƙasar da nake nufi ita ce Jihar Ayowa, a tsakiyar Amurka. Girmanta ya kusa ninki biyu na Jihar Neja. Ita ce kan gaba a noman masara a duk Amurka, kuma cikin kowace eka 100 ta ƙasarta fiye da 80 gona ce. Wurin da ke da itatuwa bai wuce eka 8 cikin 100 ba. A sassa da yawa ma ba abin da za ka gani sai ɗan siririn kurmi a bakin rafi, da jerin itatuwa a kan iyakar gonaki, da 'yar duhuwa a kufan tsofaffin gidaje.

Naman da suke farauta wata dabba ce mai farar wutsiya. Ba barewarmu ba ce, ta fi tamu girma nesa, amma tun da shi ke ba mu da sunanta bari mu ce mata barewa, namijinta kuma kishimi. Namijin ne kaɗai ke da ƙaho. Ƙahon yana da rassa kamar itace, ya kan faɗi kowace shekara a ƙarshen sanyi, wani sabo ya fito wanda ya fi na bara. Sai kishimi ya shekara huɗu ko biyar jikinsa ke cika, sa'an nan ya kan wuce kilo 100. Shi ne wanda maharbi ke nema.

Kada wani ya zaci tun asali haka suka sami abin a yalwace. Sa'ad da Turawa suka cika ƙasar suka sare itatuwa suka kafa gonaki, sun yi ta harbin barewa suna kai naman kasuwa, ba babba ba yaro. Kafin shekara ta 1900 da ƙyar ake ganin ko ɗaya a Ayowa. A 1898 majalisar jihar ta hana harbinta ɗungum. A duk faɗin Amurka a lokacin, abin da ya rage bai fi rabin miliyan ba. A 1900 gwamnatin tarayya ta yi doka ta hana ƙetare iyakar jiha da naman da aka kashe ta haramtacciyar hanya, abin da ya taimaka wajen karya cinikin. A 1937 kuma aka yi wata doka wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai domin kiwon namun daji. Mutanen Ayowa suka yi shekara 55 suna haƙuri. Sai a 1953 aka sāke buɗe farauta, aka kashe wajen 4,000 a wannan shekara. A 'yan shekarun nan kuwa abin da ake kashewa a jihar kowace shekara ya kan kai 100,000, a Amurka duka kuma ana ƙiyasta barewar ta kai wajen miliyan 30. Ku lura, dajin Ayowa har yau bai kai rabin abin da Turawan farko suka tarar ba. Hannun mutane ne ya sāke.

To, ƙaƙa kishimi ke tsufa a ƙasar da ba maɓoya? Muddin masara tana tsaye ba shi da damuwa. Gonar ita ce dajinsa, a ciki yake ci, a ciki yake kwana, ba mai ganinsa. Amma a watan Oktoba da Nuwamba manyan injuna su kan shiga, cikin 'yan kwanaki gonar eka ɗari ta zama fili fetal kamar dandali. Daga nan dukan barewar wannan yanki sai ta matsu cikin ɗan abin da ya rage. Mata da ƙananan maza su kan faɗa kurmin bakin rafi, inda kowane maharbi zai fara dubawa. Tsoho wanda ya tsere wa farauta huɗu ko biyar ba ya yin haka kullum. Sau da yawa ya kan zaɓi wurin da ba wanda zai zata: 'yar ciyawa wadda ba ta fi faɗin ɗaki ba a tsakiyar gona, ko wani ɗan kwari da injin ya kāsa nomewa, ko gindin tsohon shinge. Ya kwanta ya ba iska baya, ya fuskanci fili. Abin da ke zuwa ta baya hancinsa zai gaya masa, abin da ke zuwa ta gaba kuwa tun yana nesa ya hango shi. Ba ya tashi kiwo sai duhu ya yi. Watau rashin daji da muke gani kamar asara, shi ya mai da shi abin tsaro.

Maharbin da ke son irin wannan nama ba ya shiga yana kutsawa. Ya kan yi kwanaki yana kallo daga nesa da madubin hange, ko ya ɗaura 'yar kyamara a jikin itace ta riƙa ɗaukar abin da ya gifta. Abin da yake nema shi ne mashigi, watau inda jerin itatuwa ya haɗu da bakin rafi, ko inda kurmin ya tsuke har ba hanya sai ɗaya. A ƙasa mai yawan daji nama yana da hanya dubu. A ƙasar gonaki hanyoyinsa kaɗan ne, in ka gane su ka gama rabin aiki. A nan maharbi zai ɗaura ɗan mazauni a bisa itace, ko ya yi maɓoya cikin ciyawa. Sauran rabin aikin kuwa iska ce. Gwano ba ya jin warin jikinsa, haka mutum ma, amma kishimi yana jinsa daga nesa ƙwarai. Domin haka maharbi ba ya zuwa mazauninsa sai ran da iska ke busowa daga wajen naman zuwa wajensa. In ta juya, sai ya zauna a gida ko da ya ɗauki hutu daga wurin aiki saboda wannan rana. Ba ya ratsa fili, ta cikin rafi ko kwari yake bi a sunkuye. Ba ya kuma zuwa wuri ɗaya kowace rana, gama in tsohon kishimi ya sunsuni sawun mutum sau ɗaya ko biyu, ya ƙaura ke nan, ko ya daina fita da rana sam.

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon Nuwamba, sa'ad da barbara ta kankama. A waɗannan 'yan kwanaki ne kaɗai tsoho ke manta da wayonsa, ya fito da rana yana bin sawun mata daga wannan kurmi zuwa wancan. Maharbi ya hau itace tun kafin asuba, cikin sanyin da ya fi na Jos a tsakiyar hunturu, da baka a hannu. Da baka kuwa sai nama ya matso kamar taki ashirin ko talatin. Ƙananan maza masu shekara ɗaya ko biyu su zo su wuce ta ƙarƙashinsa, yana kallonsu, ba ya ɗaga hannu. Da yawa su kan gama shekara ba su saki kibiya ba. Tsofaffin maharbanmu, waɗanda su kan saki toka su ga inda iska ta nufa, su kwana a bisa itace a bakin mashaya, ba abin da zai zama musu baƙo a nan sai abu ɗaya: barin ƙaramin ya wuce.

Dokar jihar tana taimakonsu. Babban lokacin farauta da bindiga ba ya buɗewa sai Disamba, bayan barbara ta lafa, saboda haka a kwanakin da kishimi ya fi sakaci baka kaɗai ke jiransa. Ba a farauta da fitila da dare. Ba a korar barewa da karnuka. Ba a sayar da namanta. Kowace dabba da aka kashe sai an ɗaura mata takardar izini an kuma sanar da hukuma. Baƙi daga waɗansu jihohi takardu 6,000 kaɗai ake ba su na harbin namiji, ta hanyar ƙuri'a, har mutum ya kan yi shekaru yana jira.

Amma doka ba ta ce wa ɗan jiha kada ya harbi ƙaramin namiji ba. Wannan tsakaninsa da maƙwabtansa ne, a nan kuwa zancen ya zo inda ya shafe mu. Kishimi ɗaya ya kan yi yawo a fili kamar eka 600, lokacin barbara ma ya fi haka. Gonar manomi ɗaya a Ayowa, in aka raba daidai, wajen eka 350 ce. Nama bai san iyakar gona ba. In na bar ɗan kishimi ya wuce yau domin ya girma, gobe ya tsallaka shinge maƙwabcina ya harbe shi, me na samu? Kowa yana wannan tunani, kowa sai ya harba da sauri kafin wani ya riga shi. Haka aka daɗe ana yi a Amurka. A 1989, cikin kowane namiji 100 da aka kashe a ƙasar, 62 'yan shekara ɗaya da rabi ne. Shekara guda kafin nan, a 1988, wani masanin namun daji mai suna Joe Hamilton ya kafa ƙungiyar maharba a Jihar Karolina ta Kudu, suka riƙa koya wa mutane su zauna da maƙwabtansu su yi alkawari. Masu gonaki goma ko ashirin da ke jere su taru, su yarda a kan irin namijin da za a harba da wanda za a bari, su rubuta abin da kowa ya kashe, su sāke taruwa bayan farauta su duba. Ba ɗan sanda a ciki, kunyar ido ce kawai. A 2020 'yan shekara ɗaya da rabi sun sauka zuwa 26 cikin 100.

Ba na ce duk abin da suke yi abin koyi ne ba. Son babban ƙaho ya zama wa waɗansunsu kamar ciwo. Su kan cusa kan dabbar da auduga su rataye a bango, su auna ƙahon da tef suna fariya. Masu kuɗi daga birane suna sayen gonaki ko suna hayarsu domin farauta kaɗai, har talakan da aka haifa a wurin ya rasa inda zai shiga. Barewar ta yi yawa a wurare da dama, tana cin masara da waken soya, tana haddasa haɗarin mota. Akwai kuma wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabba har ta mutu, ba ta da magani, wadda aka fara samu a barewar dajin Ayowa cikin farautar 2013, ta kuwa fi kama tsofaffin maza. Saboda yawan nan, hukuma da kanta tana roƙon maharba su harbi mata, tun 2003 ma akwai shirin da maharbi zai ba da naman kyauta a raba wa mabukata. Wannan maganin wanda ya ƙoshi ne. Mu da muke neman iri, in muka kwaikwayi harbin mata mun kashe kanmu.

MU FA?

A yawancin garuruwanmu an daina zancen gwanki da kanki da mariya. Wanda ke son ganin irinsu sai ya tafi Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, ko Gashaka. Amma akwai uku da suka iya zama kusa da manomi. Gada tana nan a saura da gefen duwatsu. Mazo yana nan inda aka bar kurmin rafi. Kwantarafi kuma yana nan a 'yan fadamun da ciyawarsu ta tsira. Abin sha'awa, dukansu uku kamar barewar Amurka suke ta fuska ɗaya: namiji ne ke da ƙaho. Wanda ya tsaya ya duba da rana ba zai kāsa bambanta mace da namiji ba. Tsohon mazo jikinsa ya fi duhu, wuyansa ya yi kauri, ƙahonsa ya murɗe ya yi tsawo. Shi ma kamar ɗan'uwansa na Ayowa yake, shi kaɗai yake zama, ya yini a kwance cikin sarƙaƙiya, sai magariba ya fito.

To, da me muke farautarsu? Da wuta, da gayya, da fitilar goshi, da tarkon waya. Dukan huɗun nan makafi ne. Wuta ba ta tambayar shekarun dabba. Karnukan gayya abin da suka fi kamawa shi ne wanda ba ya iya gudu, watau mai ciki da ɗan ƙarami, tsohon namiji kuwa shi ne ke fasa layi ya tsere, wani lokaci ma ya farke kare da ƙaho. Mai fitila idanu biyu kawai yake gani suna ƙyalli, sai ya saki harba-ruga, sai ya je kusa ya san abin da ya kashe. An sha jin ya tarar da akuyar mutane, ko abin da ya fi akuya. A wannan zamani na rashin tsaro ma, yawo da bindiga da dare neman rigima ne. Tarkon waya ya fi duka muni, gama yana aiki dare da rana, mai shi yana gida, sau da yawa naman ya ruɓe kafin a je. A cikin babban daji waɗannan hanyoyi sun yi ɓarna, amma akwai inda nama zai gudu. A ƙasar gonaki, bayan kaka, duk abin da ya rage yana cikin kurmi ɗaya mai faɗin taki hamsin. Samari talatin da ashana ɗaya sun isa su share shi kafin azahar.

Ga kuma abin da ya sa namu ya fi na Amurka wuyar farfaɗowa. Barewar Ayowa, da ta ƙoshi da masara, tagwaye ta kan haifa yawancin shekaru. Mazo ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wata shida, gada ma ɗaya. Sa'an nan uwar ta kan ɓoye ɗan cikin duhuwa, ta tafi kiwo ita kaɗai, ta riƙa komowa tana ba shi nono. Ɗan mazo ya kan yi kusan wata huɗu a ɓoye haka. Saboda haka macen da ka gani ita kaɗai ba lalle ba ne ita kaɗai ce. Ka harbe ta, ka kashe biyu, ɗaya ka ci, ɗaya ya mutu da yunwa. Ba su kuma da wata guda na haihuwa, ana iya samun 'ya'ya a kowane lokaci na shekara, domin haka ba ranar da za a ce harbin mace ba laifi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a gida duk mun san wannan ilimi. Wa ya taɓa yanka akuya mai ciki ran Kirsimati ya bar bunsuru a turke? Wane Bafillace ne zai kai karsana kasuwa ya bar tsohon bijimi? Mun san namiji ɗaya ya isa mata da yawa, mun san mace ita ce garke. Amma da mun ƙetare bayan gari sai mu manta, domin naman daji ba shi da mai shi. Daidai tunanin manomin Amurka na 1989: in ban kashe ba, wani zai kashe.

Shi ya sa na ce aikin ƙungiya ne. Mu da muka iya haɗa kuɗi mu sayi taki tare, muka iya ajiye hatsi a rumbu ɗaya mu jira farashi, ba za mu kāsa wannan ba. Ga yadda nake gani. 'Yan ƙungiyar da gonakinsu ke bin rafi ɗaya su yarda kowa ya bar kamar taki ashirin daga bakin ruwa, ba sara, ba wuta. Na san wannan magana ce mai nauyi, gama tun da injin ban-ruwa ya yawaita, ƙasar bakin rafi ta fi kowace daraja, mutane suna shuka tumatir da albasa har gaɓa. Amma ku je ku duba gaɓar da aka nome ƙarƙaf, ku ga abin da ruwan Agusta ke yi mata. Wanda ya ƙi ba kurmi taki ashirin, zaizaya za ta karɓi fiye da haka ba tare da ta roƙe shi ba. Cikin wannan ɗan fili kuma za a sami gamba ta zana, da itacen rufi, da wurin rataye amya. A kan tudu ma ana iya barin tohon kututture ya tashi a kan iyakar gonaki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun fara wannan sassaben zamani a 1983 tare da Tony Rinaudo, yau kuwa ana lissafin ya game wajen eka miliyan 12 a Nijar. Jerin itatuwan nan shi ne hanyar da nama zai bi daga wannan maɓoya zuwa waccan.

Sa'an nan a ba kurmin hutu, shekara uku ba harbi ko kaɗan. Bayan haka, in sawu ya nuna nama ya ƙaru, ƙungiya ta yarda a ɗauki tsohon namiji ɗaya a shekara, ko biyu in wurin yana da faɗi. Maharbi sananne ya yi aikin, mai takardar bindiga da lasisin farauta, da rana, bayan ya ga ƙahon da idonsa. Tun 1963 akwai dokar namun daji a Arewa wadda ta ware waɗanda ba a taɓawa da waɗanda sai da lasisi, saboda haka a fara zuwa wurin malamin daji a ji abin da jiharku ta yarda da shi. Kada a kwashe manyan maza duka, a bar na barbara. Barewarmu kuwa, mai jan goshi, ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma macenta ma tana da ƙaho. Ita a bar ta gaba ɗaya.

Wannan alkawari ba zai tsaya ba in 'yan ƙungiya kaɗai suka yi shi. Rafi bai san wanda ya biya kuɗin shiga ba. Dole a gayyaci dukan masu gona a bakinsa, Kirista da Musulmi, da mai unguwa, da arɗon Fulanin da ke shayar da shanu a wurin, a kuma bar musu mashayarsu a buɗe. Fiye da kowa a gayyaci Sarkin Baka. In aka yi abin a bayan idonsa, maharba za su ɗauka an zo raba su da sana'ar gado. In kuwa shi aka ba riƙon kurmin, ba mai kafa tarko a ciki bai sani ba, gama shi ya san sawun kowane yaro a garin.

Akwai masu ƙin wannan magana, dalilansu kuma ba na banza ba ne. Mace mai lambu za ta ce mazo yana cinye mata ganyen wake da kuɓewa da dankali. Gaskiyarta. Wanda nama ke ci a gonarsa shi ke kiwonsa, saboda haka ran da aka harbi kishimi a fara cire rabon masu gonakin bakin kurmi kafin na kowa. Samari za su ce an hana su gayya. Ba a hana ba, ga filayen gonaki nan bayan an kwashe kara, su kori zomo da gafiya da gyazbi iyakar ƙarfinsu, sai dai ba da wuta ba, ba kuma cikin kurmi ba. Dalilin da ya fi nauyi shi ne ƙudan tsando. Yana son inuwar bakin rafi, yana kuma son jinin mazo ƙwarai. Saboda shi ne a shekarun 1930 da 1940 gwamnati ta sa aka sassabe bakin rafuffuka a ƙasar Anchau, har aka kafa garin Takalafiya, domin ciwon barci ya addabi mutane. Yau ciwon barci ya ragu ƙwarai a cikin mutane, amma sammore yana nan yana kashe shanu. Inda tsando ke nan har yanzu, musamman in kuna da shanun noma, a nemi shawarar malamin dabbobi kafin a bar kurmi ya yi duhu. A ƙasashen da ke can arewa, inda babu shi, wannan ba abin damuwa ba ne.

Wani kuma zai ce, duk wannan wahala domin nama ɗaya a shekara? I, da fari ɗaya ne, mazo kuwa bai fi babban rago ba. Amma a gwada shi da abin da ake samu yanzu a garuruwa da yawa, inda samari ke ƙone ciyawar dabbobi da itatuwan gari su komo da ɓeraye biyar. Inda aka bar wa mazo wuri, zabin daji da fakara da zomo su ma sun sami wurin haihuwa, su kuwa suna yaɗuwa da sauri.

Aikin farko shi ne share hanyar wuta kewaye da kurmin, faɗin taki biyar ko shida, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Bayan an yanke dawa lokaci ya ƙure. Na biyu kuma na magatakarda ne. Ya sami littafi dabam, ba na bashin taki ba. Sau ɗaya a wata shi da Sarkin Baka su bi yashin rafi da sassafe, kafin shanu su sauko su tattake, su rubuta sawun da suka gani, na gada nawa, na mazo nawa, da ko akwai ƙaramin sawu yana bin babba.